Abin da Hannuna Ya Faɗa

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

A bayan littafin awon kaya nake wannan rubutun, don shi kaɗai ne ba wanda zai buɗe. Baban yara ya ce lambobina ciwon kai suke sa masa.

Yau Fasto ya zo taron kurame da kansa. Shekara goma sha ɗaya muna haɗuwa a ajin nan na makarantar firamare, duk Lahadi ƙarfe uku. Su ashirin da uku ne in sun cika: tara daga cocinmu, goma daga cocin bakin gada, huɗu daga na bayan tasha. Ba cocin da kuramensa suka isa yin zumunta su kaɗai, shi ya sa aka haɗa. Ni ce ta ashirin da huɗu, ni kaɗai ce mai ji a cikinsu, kuma ni ce tafinta, don a hannun Baba na koyi magana kafin in koya a bakin kowa.

Fasto ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Mama, tsaya kusa da ni ki fassara musu." Na tsaya. Takardar ta ce dattawa sun hana duk ɗan cocinmu zama a kowane irin taro da mutanen bakin gada, daga yau har sai an sake sanarwa. Na ji sarai. Na ɗaga hannu zan fara, sai na ga Baba a bencin gaba, kafaɗarsa a jingine da ta amininsa Guduma kamar kullum. Sai hannuna ya ce musu Fasto ya kawo gaisuwar dattawa, suna jin daɗin zumuncinku, ku ci gaba da riƙe juna.

Suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗawa, tafinsu ke nan. Fasto ya tsaya yana kallonsu. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ban zaci za su karɓa haka ba." Na ce, "Ai masu haƙuri ne."

A ƙasan takardar akwai sa hannu biyar. Na ukun na san shi.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na yanka hannun riga na hagu sau biyu. Yadin mutane. Na zauna ina kallonsu, hagu da hagu, na rasa yadda aka yi.

Mata uku sun shigo shago yau, kowacce da nata labarin. Ta farko ta ce wata 'yar cocinmu ce ta koma bakin gada suka sake yi mata baftisma, kamar tamu wankan banza ce. Ta biyu ta ce ba haka ba ne, a taron fastoci ne aka faɗi wata magana da ba ta faɗuwa. Ta ukun ta ce ita ta san gaskiyar, amma ba daga bakinta za a ji ba, sannan ta zauna minti arba'in tana jiran in roƙe ta. Ban roƙa ba.

Ina ta tunanin Guduma. Mai gyaran takalmi ne, sunansa a hannu shi ne ka dunƙule hannu ka buga a tafi sau biyu. Tun makarantar kurame suke tare da Baba, yau shekara hamsin da wani abu. Ɗan bakin gada ne. Me ya sani game da taron fastoci?

Talata, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba abin da ya faru. Na yini ina jiran ya faru.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Muna shan shayi baban yara ya ce Fasto ya yabe ni a gaban dattawa, wai na isar da saƙo mai nauyi cikin hikima, ba wanda ya tayar da hankali. Yana faɗa yana shafa bota a burodi, bai kalle ni ba. Na ce, "Allah ne." Ya ce, "Shi ne kuwa."

Baba yana gefen tebur yana bin bakunanmu da ido. Ya taɓa ni ya ce me ake cewa. Na ce masa ana maganar shayi ne, ya yi sanyi.

Wannan ma. Ban ma yi tunani ba, ta fito da kanta.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Malama Gilashi ta zo shago da yadi a leda, amma ko buɗe ledar ba ta yi ba. 'Yar bakin gada ce, tsohuwar malamar makaranta. Zazzaɓi ne ya ɗauke mata ji tana da shekara ashirin, don haka tana magana da baki, da ƙarfi, kuma tana karanta leɓe. Na manta da wannan ranar Lahadi. Ko ban manta ba, ban sani ba.

Ta kira ni da sunan da kurame suka sa mini ta ce, "Allura, tsayar da keken ɗinkin nan, ina jin sa a ƙafata." Na tsayar.

"Na ga bakinsa."

Na ce da hannu, bakin wa?

"Kada ki maida ni yarinya, na koyar da yayarki lissafi. Na ga bakin Fasto, na ga hannunki, ba hanya ɗaya suka bi ba."

Na ce tausayi ne ya kama ni. Ta ce ba ta musa ba. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, wadda ta ƙulla ita za ta kwance. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta kafe ni da ido ta saman gilashin.

"Abu ɗaya ne ya dame ni. Shekara goma sha ɗaya kina tsaya mana a tsakaninmu da duniya. Ranar nan ce ta farko?"

Na ce mata e.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi

Ba ita ce ta farko ba.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu likita ya ce wa Baba saura wata biyu ga Inna, ni kuma na ce masa za ta ɗan jima tana jinya. Duk ranar da mai wa'azi ya yi ta maimaita kuramen zuciya, kuramen zuciya, tsallakewa nake yi. Ranar da mai gidan haya ya zagi Baba, cewa na yi yana tambayar lafiyarsa. Ban taɓa kiran waɗannan ƙarya ba. Ina ɗauka kamar tsince tsakuwa ne daga shinkafa kafin a dafa.

Yanzu ban san me zan kira su ba.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gobe zan faɗa musu. Na gwada a gaban madubin shago sau uku.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa baban yara zan raka Baba shan iska. Bai tambaya ba, yana kan gyaran wata fanka.

Duk sun zo, har da taran nan namu. Guduma ne ya ja sujada. In yana addu'a ba ya rufe ido, ba mai rufewa, in ka rufe ido ka fita daga addu'ar. Ya yi wa dattawan cocinmu godiya a gaban Allah saboda gaisuwar da suka aiko. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na miƙe zan yi magana, sai wata 'yar bayan tasha ta riga ni, ta ce bayan shekara tara da aure Allah ya ba ta juna biyu. Ajin ya rikice. Matan cocinmu da na bakin gada suka rufu a kanta, ana kuka ana dariya. Wani ya tambayi mijin ko ya tabbata ba ƙoshi ba ne. Na koma na zauna.

Malama Gilashi ta cire gilashin ta goge, ta mayar, ta sake kallona.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Baban yara ya zo shago da tsakar rana da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Bai taɓa zuwa a irin wannan lokacin ba. Ya jira har mai karɓar ɗinki ta fita, ya turo ƙofa.

"Mai gadin makaranta ya ce jiya an cika aji. Maman yara, me kika faɗa musu?"

Na faɗa masa. Ya zauna a kan kujerar masu awo, ya riƙe kai.

"Kin san a gaban mutum nawa aka yabe ki? Ina zaune ina cewa na gode, na gode."

Na ce, "Me mutanen bakin gada suka yi?"

"Maganar dattawa ce."

"Ni matar dattijo ce, kuma ni aka ba saƙon in kai."

"Shi ya sa aka yarda da ke."

Na ce to shi ya yarda da abin da ke cikin takardar? Ya ce, "Ai kin ga hannuna a ciki." Na ce na gani, ba abin da na tambaya ke nan ba. Ya ɗauki jakarsa. Ya ce yana da aikin waya a wani gida, mutane na zaune ba wuta.

Ni na yi laifi, amma ni ce nake jin haushi. Ban gane ba.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ofishin Fasto. Na so ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya girme wa ɗana na fari da shekara shida kawai, kuma idonsa ya nuna bai samu hutu ba kwana biyu.

Ya ce, "Mama, da kin ce mini ba za ki iya ba, da na fahimta. Da na nemi wata hanya. Amma kin sa magana a bakina wadda ban faɗa ba, ina tsaye kusa da ke."

Gaskiya ce. Na ce gaskiya ce.

Ya ce dattawa sun dakatar da ni daga fassara a sujadar safe har su sake zama. Na ce to wa zai fassara wa Baba da sauran takwas ɗin? Ya ce za a nemo. Ya san babu, na san babu. Ya ce kuma ni zan je in gyara, in faɗa musu abin da takardar ta ce, ɗaya bayan ɗaya.

Da zan fita na ce, "Fasto, ni dai in sani, me ya faru?" Ya ce, "Ki yi mana addu'a."

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na bi gida takwas. Saura ɗakin Baba da ke bayan kicin ɗina.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na faɗa wa Baba.

Yana tsakar gida yana saƙa wa wata kujera sabuwar igiya. Na durƙusa a gabansa yadda zai gan ni sosai. Na fara daga takardar. Ya ajiye igiyar. Na faɗi abin da Fasto ya ce, na faɗi abin da ni na ce. Ya tambaye ni sau biyu, don ya tabbata ya gane wanne ne na Fasto, wanne ne nawa. Ya ce Gilashi ta sani? Na ce e. Surukina ya sani? Na ce e. Sauran takwas? Na ce tun shekaranjiya.

Ya ce, to ni ne na ƙarshe.

Na ɗaga hannu zan ba shi haƙuri, sai ya rufe ido.

Mai ji ba zai san wannan ba. In kurma ya rufe maka ido, ba ƙofar da ta rage. Na zauna a gabansa ina iya jin numfashinsa, amma ya fi wanda ya yi tafiya nisa. Na taɓa gwiwarsa. Ya janye.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na kai wa Baba shayi, ya rufe ido. Baban yara ya kai masa, ya karɓa. Kalma huɗu baban yara ya iya da hannu: ci, lafiya, na gode, gobe. Da su suka yi hira yau.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na zauna a benci na biyar, hannuna a cinya. Wurin da nake tsayawa kusa da bagade an ajiye tukunyar fure. Mutum biyar cikin taran suka zo, suka zauna a gaba suna kallon bakin Fasto kamar masu kallon ruwan sama ta taga.

Karatun yau ya faɗo a kan addu'ar da Ubangiji ya yi wa mabiyansa kafin a kama shi, inda ya roƙa su zama ɗaya don duniya ta gani ta gaskata. Ba wanda ya zaɓa, jadawali ne tun farkon shekara. Kuma baban yara ne mai karatu. Ya karanta da sauri, ya yi tuntuɓe a wuri biyu, shi da ba ya tuntuɓe. Fasto ya hau ya yi wa'azi a kan haƙuri.

Yatsuna suna ta motsi a cinyata. Na danne su da jaka.

Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ƙarfe biyu da rabi Baba ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya ɗauki sandarsa. Raina ya yi fari, na ce zai je, zai nuna musu. Ya kai bakin ƙofar gida ya tsaya. Ya daɗe. Sai ya dawo ya zauna a kan kujerar da bai gama saƙawa ba, ya yafito ni. Karo na farko tun Juma'a.

Ya ce ba zai je ba. Ya ce a cocin nan aka yi masa baftisma, ya yi alkawarin zama ƙarƙashin dattawa, kuma bai yi alkawarin da sharaɗin sai ya ji daɗi ba.

Na ce amma Baba, Guduma fa? Don ku na yi abin da na yi.

Ya ce, da kin faɗa mini ranar nan, da na miƙe a gaban kowa na tambayi Fasto dalili. Yana tsaye, Guduma yana zaune, kowa na gani, da dole ya amsa. Kin ƙwace mini tambayata.

Na ce ya yafe mini. Ya ce zai yafe, amma ba yau ba, yau yana da wani baƙin cikin da ya riga wannan layi.

Har yanzu yana zaune da rigar a jikinsa.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Saƙo daga Malama Gilashi a waya. Jiya su ma an karanta musu tasu takardar a bakin gada, kusan kalma ɗaya da tamu. Mutum bakwai suka je aji. Guduma ya ƙi fara sujada, ya zauna a bakin ƙofa yana duban hanya har ƙarfe biyar.

Ban nuna wa Baba ba. Sai na tuna abin da ɓoye masa ya jawo. Na kai masa wayar ya karanta da kansa.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na durƙusa zan nemi gafara, na rasa ta wanne zan nema. Ta ƙaryar, e. Amma da na faɗi gaskiya aji ya watse. Da na yi ƙarya an yi mako guda ana murna, an yi wa mai juna biyu addu'a da hannu ashirin da uku. Na san ba haka ake lissafi ba. Na sani. In jiki ɗaya ne mu, kamar yadda nake fassarawa tun ina budurwa, to wace gaɓa ce ta rubuta takardar, wace ce ta karanta, ni kuma wace ce?

Na tashi ban ce amin ba. Ruwan shayi ya ƙone.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Baba ya ce in kai shi wurin Fasto. A hanya ya tsayar da ni ya ce, duk abin da na faɗa ki faɗa, duk abin da ya faɗa ki faɗa, ko tari ya yi ki ce mini ya yi tari.

Fasto ya ce ai an dakatar da ni. Sai ya duba ofishin, mu uku ne, ya ce to bari dai.

Abu na farko da Baba ya sa na faɗa da bakina shi ne, "'Yata ta yi mini ƙarya, ta yi maka ƙarya, na zo in ji da kaina." Na faɗa.

"Abin da mutanen bakin gada suka yi, abokina mai gyaran takalmi ne ya yi?"

"A'a, Baba."

"Yesun da suke kira a can, wani ne daban?"

"Shi ne dai, Baba."

"To in na mutu na tarar da abokina a can, in zauna kusa da shi ko in jira sanarwa?"

Fasto ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce wa Baba ya yi dariya kaɗan. Sannan ya yi shiru mai tsawo, na ce wa Baba ya yi shiru. Daga baya ya ce akwai abin da in ya faɗa zai tona asirin wani gida, kuma an ji wa mutane ciwo na gaske a ɓangaren nan da wancan. Ya ce bai yi tunanin kurame ba lokacin da ake rubutawa, ba wanda ya yi. Ya ce ba shi da ikon janye takardar shi kaɗai.

Na fassara duka, har da ba wanda ya yi tunaninku. Hannuna ya so ya zagaye wannan. Ban bar shi ba.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Zan bi takardar. Amma ka rubuta a wani wuri cewa ban gane ta ba."

Fasto ya ɗauki biro ya rubuta da gaske.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baban yara yana ɗaure takalmi, bayansa a gare ni, ya ce, "Mu biyu cikin dattawan muka ƙi takardar. Aka rinjaye mu, aka ce kowa ya sa hannu don kada a ga baraka." Ya fita kafin in ce komai.

Wato shi ma. Don a zauna ɗaya ya sa hannu a raba.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wata nas da nake yi wa ɗinki ta kira ni da safe. An kawo musu wani tsoho kwana huɗu da suka wuce, ya faɗi a bakin titi ƙugunsa ya karye. Kurma ne, ba takarda a jikinsa, ba wanda ya zo nemansa. Ya ƙi abinci, sau biyu yana fizge robar ƙarin ruwa.

Na je, na yi masa magana, ya yi mini, ba wanda ya gane wani. Ba irin maganar hannun makaranta yake yi ba, tasa ta gida ce, irin wadda mutum ke ƙirƙira da danginsa. Na koma na ɗauko Baba.

Baba ya ja kujera ya zauna, ya fi awa ɗaya. Ya gano tsohon yana zaton yanke masa ƙafa za a yi. Da aka nuna masa ba haka ba ne ya yarda ya sha ruwa. Amma akwai wani abu da yake ta maimaitawa, yana nuna bayansa yana nuna ƙofa, Baba ya kasa. Ya ce Guduma ne zai gane, shi sai da ya kai shekara goma sha biyu kafin a kai shi makaranta, da irin wannan maganar ya tashi. Ya ce in aika masa.

Na ce, takardar fa?

Ya ce takarda ta ce taro. Wannan asibiti ne.

Na aika. Amma duk hanyar dawowa ina tunani, shin wannan ba irin nawa ba ne, an dai sa masa riga mai tsabta? Na kusa tambayarsa. Na ga yadda yake tafiya da sauri har yana manta sandarsa, na fasa.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baban yara ya ce zai sauke mu a bakin asibiti ya wuce aiki. Da muka isa ya ce bari ya kai mana flas ɗin shayi sama, matakalar da yawa. Ya kai, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Guduma ya riga mu, yana gefen gado na dama. Baba ya zauna a na hagu. Ba su rungumi juna ba. Guduma ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce ka rame. Baba ya ce kai kuma ka ƙara muni. Shi ke nan gaisuwar.

Cikin rabin awa Guduma ya gano tsohon yana da ƙanwa a wani gari, mai sayar da kifi kusa da kogi, da tabo a goshi. Nas ta rubuta. Ya kuma gano bayansa ne ke ci masa wuta, kwana biyar a kwance gefe ɗaya, yana so a juya shi. Ba mu san addininsa ba, ba wanda ya tambaya.

Nas ta ce ma'aikata sun yi kaɗan yau, kuma mai karayar ƙugu sai mutum huɗu, a ɗaga shi lokaci ɗaya. Tana gyara zanin gado ta ce, "Oh, ku kuwa kuna da kirki. 'Yan coci ɗaya ne ku?"

Na juya na fassara musu tambayar yadda take. Baba ya ce a'a. Guduma ya ce e. Tare suka faɗa. Suka kalli juna, kowanne ya ɓata fuska, suka fara musu da hannu da sauri har ni na kasa bi.

Nas ta ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Wannan ya ce a'a, wancan ya ce e."

Ta ce, "To su ƙarasa daga baya. Ke riƙe kansa. Su biyun su kama nan da nan. Malam, kai na bakin ƙofa, ajiye flas ɗin ka zo ka riƙe ƙafafu."

Baban yara ya duba bayansa ko da wani malam ɗin. Babu. Ya ajiye flas, ya naɗe hannun riga, ya zo ya tsaya kusa da Guduma.

Hannun kowa a cike yake, ba mai iya cewa komai, ni ma haka. Nas ta ƙirga da kai yadda duk za su gani, ɗaya, biyu, uku. Muka ɗaga shi.